Sallar da Muka Kai wa 'Ya'yanmu a Bas ɗin Haya

'Yata tana da wata bakwai muka kai ta riƙo wurin wata Baturiya a wani ƙaramin gari na bakin teku, tafiyar awa biyu da wani abu daga Landan. Na fara da wannan ne don shi ne abin da na fi jin nauyin faɗa.

Lokacin kuɗin mai ya shigo gida, gwamnati tana ta tura mutane karatu waje. Maigidana ya sami gurbin karatun injiniya, ni kuma da na biyo shi aka ɗauke ni koyon aikin ungozoma a wani asibiti. A gida ana ganin mun haye. Duk wasiƙar da ta zo daga Zariya saƙo ne a cikinta, wannan yana son rediyo, waccan tana son leshi. Ba wanda ya san ɗaki ɗaya muke ciki a unguwar Deptford ta Landan, a hawa na uku, kuma mai gidan ya faɗa mana tun ranar farko ba ya son kukan yaro. Da na haihu ya yi mana haƙurin wata shida, sannan ya fara buga ƙofa. Ga aikin asibiti da ba ya jiran kowa, ga shi ba uwa ba ƙanwa.

Ba mu muka fara ba. Kusan duk ɗaliban da muka sani masu yara haka suke yi, a kai yaro wurin Turawan ƙauye, a riƙa zuwa dubawa. Ni kuma riƙo ba baƙon abu ba ne a wurina, a hannun goggona na girma. Na ɗauka duk ɗaya ne.

Da farko kowane wata muna zuwa. Daga baya jarrabawa ta shigo, aiki ya ƙaru, sai wata biyu, sai uku. Ga wani abu kuma: ita ce 'yar fari. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungume shi a gaban mutane. Idan muka je, sai in zauna a bakin kujera da kofin shayi, in bar babanta ya ɗauke ta, ni ina kallo ta gefen ido. Baturiyar tana lura da ni. Sai daga baya na gane abin da take karantawa a zamana: uwar da ba ta damu ba.

Yarinyar tana da shekara uku da rabi wasiƙa ta zo daga Baturiyar, ana saura kwana goma sha biyu ƙaramar Sallah. Cikin ladabi aka rubuta ta. Matar ta ce zuwanmu yana rikita yarinyar, duk ranar da muka tafi sai ta kwana biyu tana fitsarin kwance, ko za mu ɗan dakata har sanyi ya wuce. A layin ƙarshe ta ce ita da mijinta suna so mu zauna mu yi magana a kan makomar yarinyar, don a zuciyarsu ta riga ta zama tasu.

Maigidana ya karanta sau biyu, ya ninke, ya ce, "Kada ki ɗaga hankalinki. Zan rubuta mata amsa."

Na ce, "Amsar takarda? Malam, 'yarka suke so su karɓe."

Ya ce ba a karɓe ɗa haka kawai a ƙasar nan, akwai doka. Amma ni a asibiti na sha jin labarin yadda dokar take kallon yaron da ya daɗe a hannun wasu, wanda ba ya ma gane iyayensa. Zuwanmu na ƙarshe bayan siket ɗin matar yarinyar ta ɓuya.

Washegari na je kasuwar Deptford, shagon wata Hajiya 'yar zangon Kumasi da muke sayen daddawa da busasshen kifi a wurinta. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma tana tambayata lafiyar gida sai kuka ya ƙwace mini a gaban buhun gari. Ta ja ni bayan kanta ta zaunar da ni. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta.

Ta ce, "Yaron nan naki ne. Amma Baturiya bai ga kowa a bayanki ba, ku biyu kawai ya gani, kuna zuwa kuna shan shayi kamar baƙi. Ku tafi da jama'a. Ku kai Sallah har ƙofar gidansa."

Ta lissafa mini gidaje bakwai na mutanenmu da yaransu ke wannan garin da ƙauyukan kusa da shi. Kafin kwana uku ta haɗa su duka, har da waɗanda ba su da yara a can amma suna son zuwa. Wani daga cikin iyayen ya samo mana zauren taro na cocin garin, ranar Lahadin bayan Sallah, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu. Aka rubuta wa masu riƙo su kawo yaran. Tawa Baturiyar ta amsa da ɗan kati: za ta kawo ta ƙarfe ɗaya, amma ƙarfe uku za su koma, yarinyar ba ta jure hayaniya.

Saura mota. Mu sama da talatin ne, ga tukwanen shinkafa, ga kayan Sallar yara, jirgin ƙasa kuma ranar Lahadi sai an sauka an sake wani. Dole bas. Aka ce ni zan nemo, wai Turancina na asibiti ya fi na kowa daɗin ji a waya.

Na shiga akwatin tarho na bakin titinmu da littafin lambobi. Kamfani na farko suka ce akwai mota, in zo in cike takarda. Da na je, mutumin da ke bayan tebur ya dube ni, ya dubi littafinsa, ya ce an yi kuskure, ranar a cike take. Littafin a buɗe yake a gabana, ina ganin shafin. Na juya na fita. Na biyu suka ce ba sa ɗaukar masu tukwane. Na uku na yi booking lafiya lau, har aka ba ni rasit, na kai wa Hajiya muka yi murna. Ranar Laraba kati ya zo an yi cancel, wai motar ta lalace. Saura kwana huɗu.

Ban san yadda na yi aikin ranar Alhamis ba. Ina wanke jaririn wata, ina shafa masa mai, hankalina ba ya wurin. Abokiyar aikina, wata Kirista 'yar Pankshin da ke zaune a unguwar Dagenham, ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "'Yar'uwa, me ya same ki?" Da na faɗa mata sai ta ce akwai wani tsoho a layinsu, ya yi ritaya daga masana'antar motoci inda mijinta ke aiki, yana da tsohuwar bas da yake kai masu biki da 'yan kallon ƙwallo.

Ta ce, "Amma fa ban ce za ta burge ki ba."

Na ce, "Tana da taya?"

Ranar Juma'a bayan aiki ta raka ni. Motar tana wani fili a bayan gidansa, an yi mata fenti ja da ruwan ɗorawa, an zana kwalabe da furanni a jikinta. Tsohon ya fito yana tari, hannunsa duk baƙin mai. Ya tambaye ni mutum nawa, ina za mu, kuma katan nawa na giya za mu ɗora. Na ce ba ma sha. Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, ya ce to wannan ne karon farko da zai dawo da ita ba amai a ciki. Sai dai ranar Asabar yana da ɗaurin aure, yadda masu bikin suka bar ta haka zai kawo mana ita. Na ce ya kawo. Bai tambaye ni wani abu ba kuma.

Da safiyar Lahadi ta iso ƙofar shagon Hajiya. Ƙyallaye masu launi suna reto daga rufinta, furannin takarda a kowace taga, a baya an rataya allo mai cewa sabon aure. Da aka buɗe ƙofa warin giya ya bugo mu. Maza suka ja da baya da manyan rigunansu.

Maigidana ya zo kusa da ni ya rage murya. "Da wannan za mu je Sallah?"

Na ce, "In kana da wata, kawo."

Hajiya ta tuɓe mayafi ta ɗaura ɗamara. Muka kawo ruwan zafi da sabulu daga shago, mu mata shida muka wanke ƙasan motar da kujerun, maza suka kwashe kwalabe suna kawar da kai. Allon baya aka cire, ƙyallayen kuwa ba lokacin kwance su. Sai wajen sha ɗaya muka tashi, alhali tara muka yi niyya.

Da muka fita daga Landan hankalin mutane ya kwanta. Aka buɗe cincin, mata suka fara waƙa, wani ya ɗauki bokiti ya mai da shi ganga. Ni ina gaba, bayan direba, da ƙullin kayan yarinyar a cinyata: riga da zani na atamfa da na ɗinka da hannu ba tare da na san tsawonta na yanzu ba. Idona yana kan agogon hannuna.

Mun wuce rabin hanya, a kan wani dogon tudu tsakanin gonaki, sai tururi ya taso daga gaban motar. Tsohon ya gangara gefe ya kashe. Ya buɗe ya duba, ya ce robar ruwa ce ta tsage, kuma ba ya iya taɓa ta sai inji ya huce.

Na ce, "Minti nawa?"

Ya ce, "Sai ya huce, 'yata."

Ƙarfe ɗaya ta yi mana a wurin. Ɗaya da rabi. Ina ganin yarinyar a raina, an zaunar da ita a kan kujerar zauren, Baturiyar tana duba ƙofa, tana ƙara tabbatar wa kanta abin da ta riga ta yarda da shi game da ni. Na sauka na tsaya a bakin titi da sabon leshina ina ɗaga wa motoci hannu. Suna rage gudu su kalli motar mai kwalabe da baƙaƙen mutane cikin manyan riguna, su wuce. Na fara shiga tsakiyar titin. Maigidana ya riƙo hannuna.

"Ki dawo. Mutane suna kallonki."

Na fizge. "Su kalla! Shekara uku ina jin kunyar mutane. Me ta tsinana mini?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa wani, ya naɗe hannun 'yar ciki ya tafi wurin tsohon. Su biyu suka yanke inda robar ta tsage, suka naɗe da zanen da muka rufe tukunyar shinkafa da shi, suka ɗaure da waya. Ruwan da muka ɗebo a jarkoki don alwala aka juye a injin, aka rage kaɗan aka yi azahar a kan ciyawa. Da motar ta tashi, tsohon ya ce ba zai iya gudu ba, kuma duk bayan ɗan lokaci sai an tsaya an ƙara ruwa. Sau uku muka tsaya. A tsayawa ta ƙarshe da butar Hajiya aka ɗebo ruwa daga kwamin shanun wata gona.

Huɗu ta gota muka shiga garin. Mai kula da zauren yana kulle ƙofa. A kan dakalin waje masu riƙo uku ne suka jira da yara, iyayensu suka dira tun motar ba ta gama tsayawa ba. Na duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Mai kula da zauren ya ce matar mai 'yar yarinya ta jira har uku da rabi, sannan ta tafi.

Na zauna a kan matakalar motar. Tsohon ya leƙo ta saman kaina ya ce, "Kin san layin gidan?" Na ɗaga kai. Ya ce, "To kowa ya hau."

Layin siriri ne, gidaje a manne da juna, da ƙyar motar ta shiga. Ya tsaya daidai ƙofar. Muka sauka duka, labulaye suka fara motsi a tagogin maƙwabta. Na ƙwanƙwasa. Matar ta buɗe, ta dube ni, ta dubi jama'ar da ta cika layin, fuskarta ta yi fari fat. Yarinyar tana bayanta, ta riƙe siket ɗin da hannu biyu.

Na durƙusa a bakin ƙofar, a gaban maza da mata, na kira sunanta. Da ƙarfi na kira, har sau biyu. Na miƙa hannu. Sai ta ƙwala ihu, ta tura fuskarta cikin siket ɗin tana ce wa Baturiyar da Turanci, "Nani, kada ki bari su tafi da ni."

Ban san abin da zan yi ba. Hannuna yana miƙe, na kasa janye shi. Hajiya ta dafa kafaɗata ta ce a hankali, "Kar ki kama shi. Bari shi ya zo."

Ba ta zo ba. Can sai tsohon ya danna hon, irin na masu biki mai waƙa. Kukan ya tsaya. Ta leƙo da ido ɗaya, ta ga motar da ƙyallayenta suna kaɗawa, ta ga sauran yaran a taga suna cin cincin. Tsohon ya ce mata ko tana so ta danna. Ta dubi Baturiyar. Matar ta daɗe kafin ta kama hannunta, suka ratsa ta gabana suka hau.

A cikin motar aka yi Sallar. Aka buɗe tukwane, shinkafar ta yi sanyi amma aka ci. Yarinyar ta danna hon har maƙwabta suka fito, wasu ma aka miƙa musu faranti. Ta ɗanɗana nama ta tofar saboda yaji. Na zauna a kujerar da ke kallon tata, ban matsa ba. Can sai na ga tana kallon hannuwana, na yi ƙunshin Sallah ja da baƙi. Ta sauko, ta sa yatsa ɗaya ta taɓa tafina, ta ce, "Da zafi?"

Na ce, "A'a, babu zafi."

Ta goga ta ga bai fita ba. Ta juya hannun ta duba bayansa. Haka ta riƙe shi tana bin zanen da yatsa na ɗan lokaci, ni kuma na ƙi motsi, ko numfashi mai ƙarfi na ƙi yi. Rigar atamfar ta ƙi yarda a sa mata. Da na gwada a jikinta daga waje na ga ta yi mata kaɗan.

Baturiyar ta ce in zo mu yi magana. Muka shiga kicin ɗinta, ta ɗora ruwan shayi ta manta da shi. Ta ce shekara uku ita ke tashi idan yarinyar ta yi zazzaɓi, a gabanta ta yi haƙori, a gabanta ta fara tafiya. Ta ce ta ɗauka ba na son ta, don ba ta taɓa ganin na rungume ta ba. Na yi ƙoƙarin bayyana mata kunyar ɗan fari, na ga Turancin bai ɗauki maganar ba, sai na bari.

Na ce, "Na gode miki, har in mutu ina gode miki. Amma ba zan bar miki ita ba."

Ta zauna ta rufe fuska da tawul ɗin goge kwano, ta yi kuka. Ni ma na yi. Ba wadda ta rarrashi wata.

Ba mu tafi da ita ranar ba, ba inda za mu kai ta. Da motar ta juya yarinyar ta ɗaga mana hannu daga ƙofa, amma na san tsohon take ɗaga wa. A hanyar dawowa na faɗa wa maigidana ko mu sami gidan da za a karɓe mu da yarinya, ko in ajiye karatun. Ya ce ya ji. A ƙarshe duka biyun aka yi: na jinkirta jarrabawata shekara guda, abokiyar aikina kuma ta samo mana ɗaki biyu a Dagenham, layi ɗaya da ita. Wata huɗu abin ya ɗauka. A cikin watannin nan duk Lahadin da ba ni da aiki ina cikin jirgi, ni kaɗai, in je in zauna a ƙasa kusa da kayan wasanta har ta saba da ganina.

Ranar da muka ɗauko ta Baturiyar ta haɗa mata akwati, ta rubuta mini a takarda abin da take ci da abin da take tsoro. Na yi amfani da takardar sosai, ban ji kunya ba.

Makonnin farko ba ta yi mini magana. Tana zama a bakin taga da rigar sanyinta a jiki, a shirye, ko za a zo a mai da ita. Idan na yi mata Hausa sai ta kalli bakina kawai. Wata Asabar na zaunar da ita tsakanin ƙafafuna zan yi mata kitso na farko a rayuwarta, gashin ya cukurkuɗe don can aske mata shi ake yi idan ya taru. Na sa mataji na ja. Ta juyo a fusace, ta buge hannuna ta ce, "Bari!"

Da Hausa ta faɗa. A bakina ta tsince shi, don shi nake yawan faɗa mata idan ta nufi murhu. Na ajiye matajin na ce, "To, na bari." Muka zauna haka, rabin kai a tsefe, har babanta ya dawo daga laburare ya same mu.